Yadda Ake Zaɓar Ma'ajiyar Bayanan Kasuwanci: a Intanet ko a Cikin Shago

Aikina haɗa kwamfutoci da ma'ajiyar bayanai a shaguna, kemis, makarantun kuɗi da ƙananan asibitoci. Tambayar da masu kasuwanci suka fi yi mini ita ce: mu sayi na'ura mu ajiye a ofis, ko mu zuba komai a intanet mu riƙa biya wata-wata? Ba na amsawa sai na ga irin bayanan da ke wurin, na auna netwok, na kuma ga yadda wuta take a unguwar. Idan aka yi waɗannan, amsar da kanta take fitowa, kuma sau da yawa ba ɗaya ake ɗauka a bar ɗaya ba.

Ma'ajiyar intanet, wadda ake kira kilaud, kwamfutocin wani kamfani ne da ke wani gini mai nisa, kai kuma kana hayar wuri a cikinsu, kamar Google Drive, OneDrive, Dropbox ko Amazon S3. Ma'ajiyar gida kuwa faifan ajiya ne, ko saba (kwamfutar da sauran kwamfutoci ke ajiya da ɗaukar bayanai a cikinta), ko ƙaramin akwatin da ake kira NAS, yana zaune a gininka. Kamar hayar sito ne da gina naka: na haya akwai mai gadi amma kuɗi ba ya yankewa, naka kuma in rufi ya yi yoyo kai za ka hau.

Abubuwan da za ka tanada

Littafi da biro, ko shafin Excel. Duk kwamfutocin da ake aiki da su, har da wayar da ake karɓar oda da ita ta WhatsApp. Manhajar Speedtest a waya, ko shafin fast.com. Rasit na kuɗin wuta, man janareta da data na wata uku. Sabon faifan ajiya na waje guda ɗaya, mai girman da ya ninka bayananka biyu. Adireshin imel da layin waya mallakar mai kasuwancin, ba na yaron shago ba. Sai kuma mutumin da ya fi kowa taɓa kwamfutar, wato akawu ko mai karɓar kuɗi, domin shi ya san inda fayil suke ɓoye.

1. Ɗauki kwafi yau, kafin ka yanke komai

Kafin a fara shawara, jona faifan nan ka kwafe duk abin da ke da muhimmanci, ka cire shi, ka tafi da shi gida. Shawarar sayen na'ura takan ɗauki makonni, kwamfuta kuwa ba ta sanar da ranar mutuwarta. Idan kana amfani da manhajar lissafi kamar QuickBooks, Sage 50 ko Tally, kada ka kwafi fayil ɗin tana buɗe. Shiga cikinta ka yi amfani da maɓallinta na ɗaukar kwafi, sannan ka kwafi abin da ta fitar.

In babu kuɗin faifai a yanzu, filash biyu sun isa ga fayil ɗin lissafi da takardu. Amma ka sayo su wurin wanda ka yarda da shi. Kasuwa cike take da filash na jabu da aka rubuta wa 128 GB alhali cikinsu bai kai 8 ba; suna nuna an kwafa, ranar buƙata a buɗe a ga wayam.

2. Ƙirga bayananka, ka raba su gida-gida

Danna dama a kan kowace folda ka duba girmanta, ka rubuta. Sai ka raba gida huɗu.

Gida na farko, bayanan da ake taɓawa kowane minti: rajistar ciniki, lissafin kaya, bashin da ake bin mutane. Girmansu kaɗan ne, da wuya su wuce gigabait kaɗan, amma su ne ran kasuwancin. Na biyu, takardun aiki: wasiƙu, kwangila, sakamakon ɗalibai, takardar albashi. Na uku, masu nauyi: hotuna, bidiyo, zane-zanen masu ɗab'i, hoton sikanin na asibiti, da abin da kyamarar tsaro ke ɗauka. Na huɗu, tsofaffin da ba a buɗewa amma ba a zubarwa. Dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020 ta ce a riƙe takardun lissafi shekara 6, saboda haka wannan gidan ba zai ɓace ba.

Kyamarar tsaro ita ce ke rikita lissafin mutane. Kyamara ɗaya mai aika megabit 2 a daƙiƙa tana cin wajen 21 GB a kwana. In takwas ne, sun haura 170 GB a kwana, fiye da terabait 5 a wata. Wannan ba abin ɗorawa a intanet ba ne da datar da muke saye. A bar shi a na'urar ɗaukarsa, in wani abu ya faru a yanko wurin a adana daban.

Ka kuma duba girman foldar bara da ta bana, domin ka san yawan ƙaruwar shekara. Abin da ka samu ka lissafa shi zuwa shekara 5.

3. Yi wa kowane gida tambaya biyu

Ta farko: idan ba a iya buɗe wannan ba, awa nawa kasuwanci zai jure? Ta biyu: idan ya ɓace aka dawo da tsohon kwafi, aikin kwana nawa za mu iya sake yi da hannu?

Mai kemis ba zai jure rabin awa babu rajistar ciniki ba, layi zai taru. Amma wasiƙun bara za su iya jira mako guda. Dila a Kantin Kwari da ke ba da kaya bashi ba zai yarda ya rasa lissafin ko yini ɗaya ba, domin abin da ba a rubuce yake ba sai dai a koma rantsuwa. Amsar tambaya ta farko ita ke nuna inda ainihin bayanan za su zauna. Amsar ta biyu ke nuna sau nawa za a ɗauki kwafi: kullum da yamma, ko kowace awa, ko mako-mako.

4. Auna netwok, musamman saurin ɗorawa

Nan ne aka fi yin kuskure. Manhajar gwaji tana ba da lamba biyu, saurin saukewa da saurin ɗorawa, kuma masu sayar da data na farkon suke tallatawa. Wanda zai ajiye bayanai a intanet na biyun ya dama. Yi gwajin a kan teburin da ake aiki, ba a bakin titi ba, da safe, da rana tsaka, da kuma bayan la'asar lokacin da kasuwa ta cika, har tsawon mako guda. Ɗauki lamba mafi ƙanƙanta.

Ga lissafin. Bait ɗaya bit 8 ne. Don haka 500 GB a saurin ɗorawa na megabit 10 zai ci wajen awa 111, kusan kwana 5 ba tsayawa. In saurin 5 ne, kwana 9 da ɗoriya. Ka tuna kuma ranar da na'urarka ta mutu, haka za ka zauna jiran saukewa, shago a tsaye. Fayil ɗin lissafi mai 200 MB kuwa minti 3 ya ishe shi a saurin megabit 10, shi ya sa gida na farko da na biyu ba su da wahalar ɗorawa ko da netwok ɗin tsaka-tsaki ne.

Sannan ka yi tunanin ranar da babu netwok gaba ɗaya, domin mun gani. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan sadarwa a Zamfara baki ɗaya, daga baya aka haɗa da wasu ƙananan hukumomin Katsina, Sakkwato da Kaduna, aka yi makonni a haka. Ranar 14 ga Maris 2024 kuma wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS, MainOne, SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Kodebuwa, intanet ya yi rauni a Najeriya da Ghana da maƙwabta, har wasu bankuna suka kasa aiki yadda ya kamata. Wanda rajistar cinikinsa ke intanet kaɗai a irin waɗannan ranaku, biro da takarda ya koma.

Idan ka ga dole ka dogara da intanet, to ka mallaki hanya biyu daga kamfani biyu daban, misali waya ta faiba da rauta mai layin MTN ko Airtel. Starlink, intanet na tauraron ɗan Adam wanda ya fara aiki a Najeriya a farkon 2023, ya taimaki wuraren da babu faiba, sai dai shi ma wuta yake ci kuma ruwan sama mai ƙarfi na taɓa shi. Ka kuma tambayi mai sayar maka da manhajar ciniki: tana aiki idan netwok ya ɗauke, ta aika daga baya? Ka sa ya cire rauta a gabanka ya nuna maka.

5. Duba wuta da ɗakin da na'ura za ta zauna

Faifan ajiya ba ya son ɗaukewar wuta yana tsakiyar rubutu. Abin da ya fi lalata fayil ɗin lissafi a wurinmu ke nan, ba ɓarayin intanet ba. Duk wanda zai ajiye na'ura a gida dole ya sa mata UPS, wato akwatin batir mai riƙe wuta na ɗan lokaci idan an ɗauke, kuma a jona su da wayar USB domin na'urar ta kashe kanta cikin natsuwa idan batir ya kusa ƙarewa. In akwai inbata da sola, a ɗora ta a kansu. A watan Oktoba na 2024, lokacin da layin Shiroro zuwa Kaduna ya lalace sannan na Ugwuaji zuwa Apir ya biyo baya, jihohin Arewa sun haura mako guda babu wuta. UPS na minti 20 ba ya maganin wannan.

Abin daɗin shi ne ƙaramin NAS mai faifai biyu, irin na Synology ko QNAP, wajen wat 20 yake ci, wato yunit 14 zuwa 15 a wata. Ko a farashin wuta na rukunin A, naira 225 kan yunit, da aka sa a Afrilun 2024, bai kai naira 3,500 ba. Tsohuwar saba ta gwanjo kuwa, irin manyan nan da ake sayarwa da araha, takan ci ninki goma, ga ƙara kamar injin markaɗe, ga buƙatar na'urar sanyaya ɗaki. Ni ba na ba ƙaramin kasuwanci shawarar saye, duk arharta.

Ɗakin ya zama mai iska, mai kulle, na'urar kuma a kan tebur ko kanta, ba a ƙasa ba. Zafin Afrilu a Kano ko Sakkwato yana haura digiri 40 a waje, balle a cikin shago mai rufin kwano. Ƙurar hunturu kuma tana toshe fanka, don haka a riƙa hure ta.

6. Yi lissafin kuɗi na shekara 5, ba na wata ɗaya ba

A ɓangaren gida ka haɗa kuɗin akwatin NAS, faifai biyu irin waɗanda aka yi domin aiki dare da rana kamar WD Red Plus ko Seagate IronWolf, UPS, sauya batirinsa aƙalla sau biyu, wuta, faifan waje biyu, kuɗin mai gyara, da sauya faifai ɗaya da zai iya mutuwa a tsakani.

A ɓangaren intanet ka haɗa kuɗin wata sau 60, da datar ɗorawa, da kuɗin layi na biyu. Na kyauta ba ya zuwa ko'ina: Google 15 GB yake bayarwa, kuma Gmail da hotuna suna ci daga ciki, OneDrive 5 GB, Dropbox 2 GB. Na kasuwanci kan kowane ma'aikaci ake biya: ƙaramin tsarin Google Workspace 30 GB ne ga mutum ɗaya, Microsoft 365 na kasuwanci kuma terabait 1. Ga ajiyar kwafi zalla, Backblaze B2 yana kama dala 6 zuwa 7 kan terabait a wata, Amazon S3 na yau da kullum wajen dala 23. Sai ka karanta ƙananan rubutu: Amazon na cajin fitar da bayanai, kusan dala 90 kan terabait. Shiga da sauƙi, fita da kuɗi.

Babban abin lura shi ne dala. A farkon watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Wanda ke biyan dala 50 a wata bai ƙara ko fayil ɗaya ba amma kuɗinsa ya ninka uku. Na'urar gida ma da dala ake shigo da ita, sai dai sau ɗaya za ka ji zafin. Ka kuma tabbatar da hanyar biya, domin akwai lokacin da bankuna da yawa suka dakatar da biyan kuɗin waje da katin naira. Idan biya ya tsaya, kamfani zai kulle asusun, bayan wa'adi ya goge. Mafita ita ce biyan shekara gaba ɗaya, ko saye ta hannun dillalin cikin gida mai karɓar naira.

7. Duba abin da doka ta ɗora maka

In kana riƙe sunaye, lambobin waya, NIN, BVN, hotunan yara ko bayanan marasa lafiya, Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta hau kanka, kuma hukumar NDPC ce ke sa ido. Dokar ta wajabta tsare bayanan, ta sa sharuɗɗa kan fitar da su ƙasar waje, ta kuma ce a sanar da hukumar cikin awa 72 idan aka yi kutsen da zai iya cutar da masu bayanan. Ajiyewa a kamfanin waje bai sauke maka nauyi ba, ajiyewa a gida ma haka.

Saboda haka ka tambayi inda ginin yake. Manyan cibiyoyin Microsoft, Amazon da Google mafi kusa da mu a nahiyar nan suna Afirka ta Kudu: Microsoft ya buɗe a 2019, Amazon a Cape Town a 2020, Google a Johannesburg a 2024. A cikin gida akwai Rack Centre a Ikeja, da cibiyar MainOne a Lekki wadda Equinix ya saya a 2022, da Galaxy Backbone na gwamnatin tarayya. Mai kwangila da ma'aikatar gwamnati ya karanta takardar kwangilarsa da kyau, domin ƙa'idar NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, ta ce bayanan gwamnati a cikin ƙasa za a ajiye su.

8. Yanke hukunci, gida-gida

Yanzu koma kan littafinka. Abin da ba ya jure tsayawa, kuma a gini ɗaya ake amfani da shi, ya zauna a gida, kwafinsa ya tafi intanet kullum. Abin da mutane a wurare daban-daban ke taɓawa, kamar mai rassa a Kano, Kaduna da Maraɗi, ko maigidan da ke son ganin ciniki yana Dubai ko Guangzhou wajen sarin kaya, ya zauna a intanet, kwafinsa ya sauko gida mako-mako. Masu nauyi su zauna a gida. Tsofaffi su tafi faifan waje biyu, ko ajiyar intanet mai arha.

Ofishin mutum uku zuwa biyar mai takardu kawai ba ya buƙatar saba ko NAS. Asusun kasuwanci na Google ko Microsoft da faifan waje ɗaya sun wadatar. Mai ɗaukar bidiyon biki ko mai ɗab'i kuwa NAS ne nasa, ba makawa.

Ko wanne ka ɗauka, ƙa'idar 3-2-1 tana nan: kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wajen ginin. Gobarar Kasuwar Sabon Gari ta 2016, ta Kasuwar Monday a Maiduguri a 2023, da ambaliyar madatsar Alau a 2024 sun isa hujja a kan ajiye komai a gini ɗaya. Su ma manyan ba su tsira ba: a Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cibiyoyin kamfanin ajiyar intanet na OVH a Strasbourg ta Faransa, kuma abokan cinikin da ba su da kwafi a wani wuri sun yi asarar bayanansu.

9. Kafa abin da ka zaɓa

In intanet ne, buɗe asusun da sunan kasuwancin, imel da layin maigida. Na sha zuwa wurin da yaron da ya buɗe asusu da nasa imel ya bar aiki, ko aka rabu ba daɗi, bayanan shekaru suka tafi da shi. Kunna tabbaci mai mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai an shigar da wata lamba daga waya, ka buga lambobin ko-ta-kwana a takarda ka sa a sef. Kada a bar layin ya daɗe babu amfani, kamfani zai iya ba wani. Kowane ma'aikaci da nasa asusu da iyakar abin da zai gani. Ranar da ya bar aiki a rufe, kafin ya isa gida.

Kuskure biyu a nan. Na farko, ɗaukar foldar da ke daidaita kanta da intanet a matsayin kwafin ko-ta-kwana. Ba ita ba ce: in ka goge a kwamfuta, can ma ta goge, kuma kwandon sharar Google Drive kwana 30 kawai yake riƙewa. Na biyu, ajiye fayil ɗin QuickBooks ko Sage da ake aiki da shi a cikin irin wannan folda. Yana lalacewa. Kwafin da manhajar ta fitar shi ake sawa a ciki.

In gida ne, sa faifai biyu a tsarin RAID 1, wato duk abin da aka rubuta a ɗaya yana ɗayan. Wannan maganin mutuwar faifai ne kawai. Bairos, gogewa da sata duka biyun suke ɗauka tare. Sauya kalmar sirrin da na'urar ta zo da ita, ka riƙa sabunta manhajarta, kuma kada ka buɗe ta kai tsaye ga intanet don a riƙa shiga daga gida. A 2021 an goge bayanan masu WD My Book Live daga nesa, a 2022 kuma bairos ɗin garkuwa da bayanai mai suna DeadBolt ya kulle dubban na'urorin QNAP da aka bari a buɗe. In dole sai an shiga daga nesa, a bi ta VPN, wato killatacciyar hanyar shiga da sai mai izini ke bi.

Faifan waje biyu kuma a riƙa musanya su: ɗaya a ofis, ɗaya a gidan maigida, duk Juma'a a sauya. A kulle su da BitLocker, manhajar kulle faifai ta Windows, in Windows ɗin ba ta da shi a yi amfani da VeraCrypt, kyauta ne. Bayan an gama kwafi a zare faifan, domin wanda ke jone kullum bairos na iya kama shi tare da kwamfutar.

In NAS ya fi ƙarfin aljihu, tsohuwar kwamfutar tebur mai lafiya da sabon faifai a cikinta za ta yi aikin, muddin ba wanda zai riƙa kallon fim ko jona filash a kanta.

10. Gwada dawo da bayanan

Ɗauki kwamfutar da ba a taɓa sa bayanan a kanta ba. Ka ɗauka ta ofis ta ƙone. Dawo da fayil ɗin lissafi daga kwafin, ka buɗe shi a manhajarsa, ka duba cinikin jiya yana nan, ka kuma duba agogo ka ga tsawon lokacin da aikin ya ci. In ya wuce abin da ka rubuta a mataki na 3, tsarin bai yi ba, sai a gyara: a ƙara kwafi a gida, ko a ƙara saurin layi. A nan ne ake gano cewa lasisin manhajar ya ɓata, ko kwafin ya daina tafiya tun wata huɗu ba wanda ya lura, ko kalmar sirrin tana kan mutum ɗaya da ya yi tafiya.

Rubuta matakan a takarda ɗaya da harshen da akawu zai gane, ka ajiye kwafinta tare da faifan gida. Maimaita gwajin duk wata uku, da kuma duk lokacin da aka sauya manhaja, kwamfuta ko ma'aikacin da ke riƙe da makullan.